Ina Za a Ajiye Kuɗin Kaka?

*Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da ƙananan ma'aikata a garin Kura lokacin hutun ƙarshen zango*



An umurce mu da mu yi magana a kan ajiyar kuɗi a banki, da yadda mutum zai gwada ribar wannan asusu da ta wancan, musamman asusun da bankuna ke cewa sun buɗe domin dattawa. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibi da wannan zance, alhali ɗan guzurin da ake ba shi ba ya kai shi tsakiyar zango? Amsa ita ce, kusan kowannenmu a nan shi ne akawun gidansu. Idan saƙon banki ya shigo wayar Baba, mu ake miƙa wa mu karanta. Idan za a cike takarda, mu ake kira. In kuwa aka tafka asara, mu ɗin dai za a juyo a kalla, a ce ina amfanin bokon da aka kashe mana kuɗi muka yi. Saboda haka wannan magana tamu ce tun kafin mu fara karɓar albashi.

Bari mu fara da gida. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta daina jiran damina kaɗai. Shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa da rani, ga kuma injinan casar shinkafa da matan da ke turara ta. To, amma kuɗin manomi ba irin na ma'aikaci ba ne da ke zuwa wata-wata. A dunƙule yake zuwa bayan girbi, a dunƙule kuma yake fita idan lokacin taki da iri da fetur da 'yan ƙwadago ya yi. Tsakanin shigowarsa da fitarsa akwai wata uku, ko huɗu, ko shida. Wannan tsakanin shi ne abin da ya tara mu yau.

Ku lura, a wannan ƙasa tamu kalmar kuɗin ruwa ma'ana biyu gare ta. Akwai wanda manomi ke biyan hukuma domin a sakar masa ruwa, akwai kuma wanda banki ke ɗorawa a kan ajiya ko bashi. Darasin na farko yana da amfani wajen gane na biyu. Duk manomin da gonarsa ke can ƙarshen hanyar ruwa ya san cewa ruwan da aka sako daga Tiga ba shi ne ke isowa gonarsa ba. Wani ya tsiyaye ta tsagar siminti, wani rana ta shanye, wani ciyawa ta tare, wani kuma na gaba da shi sun janye. Don haka ba ya tambayar nawa aka sako, sai dai nawa ya iso. Haka ya kamata mu auna ribar banki. Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin talla ita ce ruwan da aka sako. Abin da kuɗin zai iya saye ranar da aka cire shi, shi ne ruwan da ya iso gona.

To, nawa ake sakowa? Babban Bankin Nijeriya yana da wani ma'aunin ruwa da kwamitinsa ke yankewa lokaci-lokaci, a kansa kuma ake ɗora mafi ƙarancin abin da banki zai biya mai asusun ajiya. An daɗe ana bin ƙa'idar kashi 30 cikin 100 na wannan ma'auni. A watan Satumba 1 ga wata, 2020, aka rage shi zuwa kashi 10, har ya zama mai ajiya bai samu abin da ya wuce kashi 1 da kwata a shekara ba. Wato wanda ya ajiye naira 100,000 ya bar ta shekara guda cur, ribarsa naira 1,250. A watan Agusta 2022 aka mayar da ƙa'idar kashi 30, riba ta koma kashi 4.2. Daga nan ma'aunin ya yi ta hawa har ya kai kashi 27 da rabi a watan Nuwamba 2024, mafi ƙarancin ribar ajiya kuwa ta zama kashi 8 da kwata. Abin lura a nan shi ne, manyan bankuna ba su cika nisa da wannan mafi ƙaranci ba. Wanda ya sha rana yana zagaya su ɗaya bayan ɗaya don neman bambanci a asusun ajiya na yau da kullum, yawanci ɗan kaɗan zai tarar.

Yanzu sai mu ɗora wannan riba a kan sikeli ɗaya da tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 farashi ya hau da kashi 34.8 idan aka gwada da Disamban 2023. Mu ƙaddara wani manomi a Kadawa ya sayar da shinkafarsa a ƙarshen 2023, ya kai naira miliyan ɗaya banki. Mu ma yi wa bankin alfarma, mu ce duk tsawon shekarar kashi 8 da kwata ya biya. Bayan shekara kuɗinsa ya zama naira 1,082,500, ya ga ƙari, ransa ya yi fari. Amma kayan da miliyan ɗaya ke saye a bara, yanzu sai da naira 1,348,000. In kun raba, za ku ga kuɗin nasa kashi 80 kawai na kayan bara zai iya saye. Wanda zai ɗauki buhu goma, yanzu takwas zai ɗora a mota. Maƙwabcinsa da ya cusa nasa a ƙarƙashin katifa ya fi shi shan kashi, domin shi kashi 74 ya rage masa, ban da fargabar ɓarawo da gobara da gara, ban da kuma wahalar da masu ajiyar gida suka sha lokacin canjin takardun kuɗi a farkon 2023. Gaskiya ne an sauya tsarin lissafin tsadar a Janairun 2025, kuma ta sauko ƙasa da kashi 20 a watan Satumba na shekarar. Duk da haka a lokacin ta ninka ribar asusun ajiya. Muddin tsada na gudu riba na rarrafe, mai ajiya baya yake ci, ko da lambar da ke cikin littafinsa tana ƙaruwa.

Tsaga ta biyu da ruwa ke tsiyaya ita ce sharuɗɗan da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe. Jadawalin cajin banki da ya fara aiki a Janairun 2020 ya ce wanda ya ciri kuɗi fiye da sau huɗu a wata daga asusun ajiya, banki ba dole ba ne ya biya shi ribar wannan wata. Ku tuna yadda gidajenmu suke. Yau a aiki yaro wurin mai POS ya ciro na cefane, gobe na 'yan shuka, jibi na maganin feshi. Kafin sati ya zagayo an wuce sau huɗu, ribar wata ta tafi, mai asusu bai ma san an yi ba. Ga kuɗin saƙon waya, ga na kula da kati, ga ladan mai POS a kan kowane ciri. Ga mai ajiyar dubu ashirin ko talatin, waɗannan 'yan ƙananan caje-caje suna iya cinye ribar baki ɗaya. Maganin abin mai sauƙi ne, a raba tukunya biyu, asusun cefane daban, na ajiya daban wanda ba a taɓawa.

Akwai kuma dabarar ambaton lokaci. Wani zai ce yana ba da kashi 2, wani ya ce kashi 15, mai gaggawa ya ɗauka na biyun ya fi. Ashe na farkon a wata yake nufi, na biyun a shekara. Kada mu gwada riba biyu sai mun mayar da su ma'auni guda, wato abin da naira 100 za ta haifa cikin wata goma sha biyu bayan an cire caji da haraji.

Mai son abin da ya fi na asusun ajiya, sai ya yarda ya ɗaure kuɗinsa. Ajiyar wa'adi, wadda ake yi ta kwana 30, ko 90, ko 180, ko shekara, ribarta ta fi, kuma abar ciniki ce, ba a karɓar farashin farko kamar yadda ba a karɓarsa a kasuwar Kwanar Gafan. Sai dai akan cire haraji daga ribar, wanda kuma ya fasa kafin wa'adi ya yi asarar wani kaso nata. Ita ce ta fi dacewa da kalandar manomi, domin wanda ya san takinsa sai bayan wata uku, yana iya ɗaure kuɗin kwana 90. Gaba da wannan akwai takardun lamuni na Gwamnatin Tarayya da Ofishin Kula da Basussuka ya fito da su a watan Maris 2017 domin masu ƙaramin ƙarfi. Da naira 5,000 ake shiga, wa'adinsu shekara biyu ko uku, ana biyan riba duk wata uku, kuma a ƙarshen 2024 ribar ta haura kashi 17, wato ninki biyu na asusun ajiya. Amma kuɗin takin rani ba ya shiga nan. Wannan wurin kuɗin da ba a buƙatarsa sai nan da shekaru ne.

Jama'a, mun san akwai tambayar da ke cin zuciyar da yawa daga cikinku tun da muka fara, wato batun riba a shari'a. Galibin malamanmu sun tafi a kan cewa ruwan da banki ke biya riba ce haramtacciya, shi ya sa dattawa da yawa ko sun buɗe asusu sukan ce kada a sa musu ko kwabo. Ba da fatawa ba aikinmu ba ne, ga malamai nan a zaune. Abin da za mu ce kawai, mai gudun riba shi ma tsada ba ta ƙyale shi ba, ga shi kuma in kuɗin ya kai nisabi ya shekara zai fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in. Don haka lissafin ya fi zama wajibi a kansa. Yau kuma yana da zaɓi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. A irin waɗannan bankuna sai a bambance iri biyu. Akwai asusun da amana ce ko rance kawai, ka ajiye goma ka karɓi goma. Akwai kuma na mudaraba, inda banki ke juya kuɗin a yi rabon abin da aka samu, ba tare da alkawarin adadi ba. Mai shiga mudaraba ya tambayi kason rabo, ya kuma nemi a nuna masa abin da aka raba a watannin baya, sannan ya gwada. Haka kuma akwai sukuk na Gwamnatin Tarayya. Na farkonsa an sayar a watan Satumba 2017, na naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 a shekara, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin.

Yanzu mun iso kan dattawa, waɗanda su ne ƙashin bayan wannan jawabi. Halin dattijo ya bambanta da namu. Matashi in ya yi asara yana da damina talatin a gabansa da zai farfaɗo, in Allah ya ba shi rai. Wanda ya ba saba'in baya, ya bar wa 'ya'ya gona, ko ma'aikacin da ya karɓi garatutinsa bayan shekara talatin da biyar, abin da ke hannunsa shi ne ke nan. Da shi zai sayi magani, da shi zai aurar da autarsa, da shi kuma yake fatan sauke farali. Yana buƙatar kuɗin ya tsira, ya riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan a kan kari, ya kuma iya kaiwa gare shi in lalura ta taso da tsakar dare.

Wasu ƙasashe sun yi wa wannan buƙata tanadi da gangan. A Indiya gwamnati ta kafa asusun ajiyar dattawa a 2004 domin 'yan shekara 60 zuwa sama, wa'adinsa shekara biyar, ana biya duk wata uku, a gidan waya ma ana buɗe shi. A watan Afrilu 2023 aka sa ribarsa kashi 8.2, a lokacin da tsadar ƙasar ba ta kai haka ba, wato kuɗin dattijo gaba yake ci. A Ingila ma a Janairun 2015 gwamnati ta sayar wa 'yan shekara 65 zuwa sama takardun ajiya, kashi 2.8 na shekara ɗaya da kashi 4 na shekara uku, a shekarar da farashi kusan bai motsa ba. Ku duba abin mamaki, kashi 4 na dattijon Ingila a 2015 ya fi kashi 8 da kwata na dattijon Bunkure a 2024 albarka nesa ba kusa ba. Girman lamba ba shi ne ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A nan gida kuwa, wasu bankunan kasuwanci sun fito da asusun dattawa, wasu daga shekara 60, wasu daga 65. Idan aka karanta takardunsu, yawancin abin da suke bayarwa shi ne yafe wasu caje-caje, kati kyauta, da fifiko a layi. Waɗannan abin so ne, musamman ga tsohon da ƙafa ke damunsa, kuma duk dattijon da ya cancanta ya dace a mayar da asusunsa can don ya huta da caji. Amma kada sunan ya ruɗe mu mu zaci ribarsa ta ɗara ta sauran. Sai mu tambaya a rubuce, kashi nawa a shekara, mu ɗora a kan sikelin nan dai. Ga mai burin Makka kuma, akwai shirin adashin aikin Hajji da Hukumar Alhazai ta ƙaddamar tare da Bankin Jaiz a 2020, irin wanda Malesiya ta fara tun 1963. Yana hana a cinye kuɗin, yana kuma kawo ɗan rabo. Sai dai kujera da dala ake lissafa ta, dala kuwa daga wajen naira 460 a farkon watan Yuni 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai tarawa a hankali ya san da wannan, ya riƙa ƙarawa gwargwadon hali.

Tsaga ta ƙarshe ita ce mafi muni, domin ita ba tsiyaya take ba, ɓallewa take ta tafi da gona. Hukumar Inshorar Ajiyar Banki, wadda aka kafa a 1988, ita ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, amma tana da iyaka. A 2024 aka ɗaga iyakar daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban bankin kasuwanci, aka ɗaga ta ƙananan bankunan talakawa daga 200,000 zuwa miliyan 2. Ba a jima ba, ranar 3 ga Yuni 2024, Babban Banki ya soke lasisin Bankin Heritage. Masu miliyan 5 zuwa ƙasa hukuma ta ɗauki nauyin biyansu duka, waɗanda suka haura kuwa, abin da ya ɗoru a kan miliyan 5 ɗin sai jiran a sayar da kadarori, rabon farko da aka yi musu a watan Afrilu 2025 bai kai kwabo 10 a kowace naira ba. Kafin nan, a watan Mayu 2023, an soke lasisin ƙananan bankuna fiye da ɗari. Darasin a fili yake. Dattijon da garatutinsa ya haura miliyan 5, kada a zuba masa shi wuri guda. Manhajar waya da ke tallan riba mai tsoka, a binciki wane banki ne ke riƙe da kuɗin, yana da lasisi, yana cikin inshora? Wanda kuma ya zo da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, a tuna masa da MMM da ta rufe a Disamban 2016 da CBEX da ta watse a Afrilun 2025, suka bar dubban mutane da hannu a ka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mun san wani dattijo zai ce, to, ai shi ya sa mu bankinmu rumbu ne da turke, mu ajiye shanshera, mu ɗaure sa. Maganarsa tana da ƙarfi, domin a shekara irin 2024 wanda ya ajiye buhu ya fi wanda ya ajiye takarda. Amma rumbu ma yana da tasa tsagar. Akwai ƙwari da ɓera da raɓa, akwai cutar dabbobi da ɓarayin shanu. Kuma kasuwa ba ta da aboki. A 2025, bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da abinci, farashin shinkafa da masara ya faɗi, waɗanda suka kimshe kaya suna jiran tsada suka sayar da asara, alhali taki bai sauko ba. Hikima ita ce a raba ƙafa, kaɗan a rumbu, kaɗan a turke, na buƙatar kusa a asusu, na nesa a inda ya fi haihuwa.

Akwai wani abu guda da kunya ke hana mu faɗa wa iyayenmu, amma dole a faɗa. Dattawa da yawa sukan ɓoye asusunsu ko ga iyalinsu, rai ya yi halinsa, kuɗin magada ya kwanta ba wanda ya sani. Bisa ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a watan Yuli 2024, asusun da ya shekara 10 ba a taɓa ba ana kwashe kuɗinsa zuwa wani asusun amana a Babban Banki, kuma ko da yake magada na iya nema, sai wanda ya san da shi ne zai nema. Mu lallaɓa su cikin ladabi su rubuta sunan bankin da lambar asusu, su ba amintacce. Lambar sirri kuwa tasu ce su kaɗai, ko mu bai kamata mu riƙe ta ba sai da larura, balle mai kira a waya yana cewa daga banki yake.

Ya Shugaban taro, abin da muke roƙo ga 'yan'uwa bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin hutun nan ya ƙare, kowa ya zauna da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, da takarda da alƙalami, a rubuta nawa ne a ajiye, yaushe za a buƙace shi, kashi nawa yake samu a shekara, nawa ake cirewa, kaya kuma da nawa suka hau. Yayyenmu ma'aikata su yi wa albashinsu irin wannan lissafi tun yanzu, domin dattijon gobe yana zaune a cikin ɗakin nan. Su iyayenmu sun san ƙasa da ruwa da kasuwa fiye da yadda za mu taɓa sani, mu kuma an koya mana raba lamba da karanta ƙananan baƙaƙe. In aka haɗa biyun, gumin da aka zubar a fadamun Kura da Bunkure ba zai tsiyaye a hanya ba.

Allah ya sa albarka a noman bana, ya ba iyayenmu lafiya da kyakkyawan ƙarshe.